A Gina Mana Tashar Kano a Kan Tebur

Akwai wata sana'a a ƙasar Hausa wadda ba ta da sarki, ba ta da rumfa a kasuwa, ba a gadonta daga uba, kuma komai gwanintar mai yinta, da zarar ya kai shekara 12 ko 13 sai a tilasta masa ya yi murabus. Sana'ar da nake nufi ita ce ƙirar motar kara da danginta, watau motar gwangwani da ta langa-langa da jirgin sama na kwali. Da gangan na kira ta sana'a, ko da yake na san akwai daga cikin 'yan'uwana ɗalibai waɗanda za su yi murmushi. Abin da nake so in jawo hankalin masu karatun wannan mujalla a kai shi ne, muna zubar da wani hannu mai daraja a daidai lokacin da garinmu ya fi bukatarsa, kuma mu masu nazarin Hausa muna cikin waɗanda alhakin ya rataya a wuyansu.

Duk wanda ya ratsa lungunan Rijiyar Lemo da Kurna da Kwaciri da kaka, sa'ad da aka gama yankan dawa, kara ya fara shigowa gari daga ƙauyukan da ke kan hanyar Katsina, da wuya ya rasa ganin masu wannan sana'a a bakin aiki, ko da yake motocin roba na ƙasar Sin da wayar hannu sun rage yawansu ƙwarai. Yaro zai zaɓi busasshen kara mai doguwar gaɓa, ya ɓare ɓawonsa siri-siri da haƙori ko da tsohuwar reza, ya ware totuwa gefe guda. Totuwar nan ita ce katakonsa, ɓawon kuwa shi ne ƙusarsa. Haka zai yi ta soka wannan cikin wancan har bodi ya tashi, a yi kan mota, a yi ƙyaure mai buɗewa da rufewa, a fafe sakaina ko a yanka tsohon silifa a yi tayoyi, sa'an nan a kafa dogon kara ya zama sitiyari. Ba ya riƙe da ma'auni, ba wanda ya zana masa taswira, amma fa in ya gama ba sai an gaya maka tifa ce ko tirela ko A Daidaita Sahu ba. Kai, har karkacewar da bodin gingimari yake yi in an yi masa lodin da ya wuce kima, wani yaron sai ya fito da ita.

'Yan mata kuwa, nasu ya ma fi kusa da abin da nake shirin magana a kai. Yarinya ba ta tsayawa ga 'yar tsana kaɗai. Sai ta yi mata ɗaki, ta kafa gado, ta yi jere da murafan kwalba, ta keɓe wurin murhu da wurin randa, har ma ta ja layi a ƙasa ta ce nan ne zaure. Ashe ke nan ta ɗauko gida sukutum ta ƙanƙanta shi, kowane abu a mazauninsa.

To, ina waɗannan gwanaye suke tafiya? Amsar kowa ya san ta. Ranar da aka ga yaro ya fara tasawa yana jan motar kara, ranar ce wani babba zai ce masa, "Kai, ba ka jin kunya? Ƙato da kai!" Shi ke nan an rufe makarantar. Wanda ya yi sa'a ya zama kafinta ko ɗan gwangwani ko bakanike, sauran kuwa hannun ya mutu ke nan har abada.

A wasu ƙasashen ba haka abin ya kasance ba. A can ma da wasan yara ya faro, amma da yaran suka girma ba su yar da shi ba, sai suka tafi da shi cikin girmansu, suka sa masa lissafi da ƙa'ida. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne a 1891 ya fito da tsarin ƙananan jiragen ƙasa masu dogo mai faɗi ƙayyadadde, yadda wanda ya sayi tarago bana zai iya ƙara wani baɗi su hau dogo ɗaya. Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Hornby kuma a Ingila a 1920. Tun 1910 manyan mutane suka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan. Abin da suke yi shi ne, mutum ya sami tebur ko ɗaki guda, ya shimfiɗa dogo, ya gina tasha da gada da tudu da kwari da gonaki da gidaje, kowane abu an ƙanƙanta shi da ma'auni guda. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda suke kira HO, watau kashi 1 cikin 87 na ainihin girman abu. Mafi shaharar irin wannan aiki yana birnin Hambag na Jamus, inda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe nasu a 2001, kuma tsawon dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15.

Turawa suna kiran irin wannan shimfiɗa ta wuri da mutanensa da itatuwansa diyorama, kalmar da ta fito daga wani gidan kallo da Louis Daguerre ya buɗe a Faris a 1822. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu aro ta ba. Tun da yake muna da jirgin ƙasa da jirgin ruwa da jirgin sama, ina ganin ba laifi mu ce jirgin tebur, wurin da yake ratsawa kuma mu ce garin tebur. In malamanmu na sashen harshe suna da wadda ta fi wannan, bismilla.

Amma ba na Hambag ne ya fi burge ni ba, domin wannan aikin masu kuɗi ne da 'yan yawon buɗe ido. Wanda ya kamata mu yi nazari shi ne na wani mutumin Ostireliya mai suna Roye England, wanda ya je Ingila a 1925 yana saurayi. Ya tarar da ƙauyukan wani yanki da ke kusa da Oksfod suna sauya kama a gaban idonsa, ana kware rufin ciyawa ana sa na zamani, ana rushe tsofaffin gidaje. Ba shi da ikon hana kowa. Sai ya ɗauki ma'auni da littafi da kyamara, ya riƙa bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa yana rubutawa, in ya koma ɗaki ya gina su da kwali, ya zana tubalinsu ɗaya-ɗaya da fenti. A 1954 ya kafa gidan tarihin da ake kira Pendon a ƙauyen Long Wittenham. Ya rasu a 1995, wasu suka ci gaba da aikin. Da yawa daga gidajen da ya auna an rushe su ko an sauya su, amma wanda yake so ya ga yadda karkarar nan take a shekarun 1920 da 1930, da jirgin ƙasa yana ratsa ta, yana iya zuwa ya gani. Wannan mutum ba wasa ya yi ba, tarihi ya rubuta da almakashi.

Yanzu mu dawo gida mu dubi Kano. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, kowa ya ga abin da ya rage daga cikinta. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman Hukumar UNESCO ta karɓa, a 2010 kuma aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birnin daga cikinsu ana ta cike su ana kafa shaguna. Fagge, wadda a da zangon fatake ce, inda ayarin raƙuma suke sauka a bayan ganuwa, yau benaye ne da kantuna. Kasuwar Sabon Gari ta sha gobara, mafi muni a cikin na kusa ita ce ta 2016, kuma duk lokacin da aka sake gini, wani abu na tsohon fasali yakan tafi. Ba ina cewa a hana gari girma ba ne. Mutane suna ƙaruwa, dole su sami wurin kwana da wurin neman abinci. Tambayata ita ce, wa yake aunawa kafin a rushe?

A cikin duk abin da ya ɓace, babu wanda muka fi ambato kuma muka fi jahilta kamar dalar gyaɗa da tashar da ta haife ta. A 1911 dogo ya iso Kano daga Baro, a zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a da kaya a 1912. Turawa auduga suka sa rai zai kwaso musu don masaƙun Ingila, sai manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, kamar yadda Jan Hogendorn ya bayyana a littafinsa na 1978 a kan asalin cinikin gyaɗa. Sabon Gari kanta 'yar jirgin nan ce, domin wajen 1913 aka yanka ta saboda ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Kwarori suka kafa kantunansu a Fagge ta Kudu, inda ya zama Kantin Kwari. A 1930 reshen dogo ya kai Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Ita dalar ma, abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba ado ba ce. Gyaɗa ce ta fi ƙarfin taragun da ke akwai, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dole aka tara ta tana jiran jirgi, wani lokaci har wata kakar ta riske ta. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur suka taru suka share ta. Yau ɗan shekara 40 a Kano bai taɓa ganin dala da idonsa ba sai a hoto.

Ga shawarata. Ɗaliban Hausa, tare da duk wanda ya ga zai iya, mu gina garin tebur na tashar Kano da filin dala kamar yadda suke a 1955. Na zaɓi wannan shekara ne saboda a cikinta aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a cikinta Alhassan Ɗantata ya rasu, Sarki Muhammadu Sanusi na kan gado, kuma a wajen lokacin ne kan jirgi mai shan gas ya fara shigowa ya tarar da mai cin kwal ɗin Inugu, saboda haka ana iya nuna su biyun a tsaye gefe da gefe.

Kada mai karatu ya ɗauka abu ne da ya fi ƙarfinmu. Bari mu yi lissafi. A ma'aunin kashi 1 cikin 87, allon katako mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, irin wanda kafintoci suke saye kullum, zai ɗauki fili mai tsawon mita 212 da faɗin mita 106, watau kamar filin ƙwallo uku. Mutum matsakaici zai zama santimita 2, bai kai tsinken ashana ba. Buhun gyaɗa kuwa, abin mamaki, zai dawo kamar girman ƙwayar gyaɗa ɗaya. (Kada dai wani ya yi dabarar jera gyaɗar gaske, ɓeraye za su kwashe tarihin a dare ɗaya, da yumɓu za a murza su.) An ce dala guda takan ci buhu kamar 15,000. Idan aka ɗauka gindinta buhu 35 ne ta kowane gefe, kowane sahu yana raguwa da ɗaya har zuwa ƙololuwa, lissafin zai ba da 14,910, wanda ya yi kusa ƙwarai. Mai gini ba ya bukatar dukansu, sai ya yi curin laka a ciki ya lulluɓe shi da waɗanda ido yake gani, su kuwa ba su kai 2,400 ba.

Akwai wani wuri da dole a yi hattara. Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa ƙafa 3 ne da inci 6, watau milimita 1,067, wanda in an ƙanƙanta shi zai zama milimita 12 da ɗan ɗoriya. Dogon da ake sayarwa cikin kwali a Turai kuwa milimita 16 da rabi ne, domin an yi shi ne a kan babban dogo mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Saboda haka wanda ya yi odar kwalin jirgi daga waje ya shimfiɗa ya ce ga tashar Kano ta 1955, ya yi wa tarihi ƙarin milimita 4. Haka kuma ciyawar da suke sayarwa a leda koriya ce shar irin ta ƙasar da ruwa ba ya yankewa, gidajensu masu jan rufi ne da bututun hayaƙi. In mun bi wannan hanya, ƙauyen Ingila za mu gina a tsakiyar Fagge, mu kashe kuɗi mu sayo abin da bai san mu ba.

Kayan aikinmu suna nan a ƙofar gida. Jar ƙasa a tankaɗe ta a kwaɓa da ƙaro, ta ba da ainihin launin Kano da rani, wanda babu fentin da zai kama shi. Garin katako in an rina shi ya zama busasshiyar ciyawa. Wayar tagulla in an murɗa ta aka shafe da yumɓu ta ba da kuka da rassanta masu kama da saiwa, kaba ta ba da giginya da goriba, soso ya ba da ganyen darbejiya. Gilashi da aka shafa wa koren fenti ta ƙasa ya zama kududdufi. Gwangwanin madara ya zama rufin kwano da tankin ruwan da kan jirgi yake sha. Tarago da amalanke kuwa, wa ya fi yaran Rijiyar Lemo? Abu ɗaya kawai suka rasa, shi ne ma'auni, kuma wannan darasin yini ɗaya ne. Idan an so jirgin ya motsa, masu gyaran rediyo da waya a Sabon Gari da Titin Beirut sun san inda za a ciro ƙaramin inji daga tsohuwar rakoda a haɗa shi da batir. Ba ma dole ne ya motsa a karon farko ba.

Wani zai ce, to, me ya haɗa wannan da Sashen Hausa? Ai aikin masu koyon zanen gine-gine ne. Gaskiya ne su suka fi mu iya riƙe ma'auni, kuma za mu neme su. Amma akwai abin da garin tebur yake yi wa mai gina shi wanda ya sa ya zama namu. Mai rubuta maƙala yana iya cewa "ana tara gyaɗa a kusa da dogo" ya wuce abinsa, ba wanda zai tsare shi. Mai gini ba shi da wannan mafaka. Kowane taƙi na teburin nan sai ya sa wani abu a kai, kuma kafin ya sa sai ya tambaya. Ina sikeli yake? Ina ake ɗaure jakuna da raƙuman da suka kawo kaya? Ta wane gefe 'yan dako suke hawa dala da buhu a ka, kuma wa yake tsaye a sama yana jerawa, me ake kiransa? Da me ake rufe ta in damina ta kawo kai? Ina masu tuwo da masu fura suke zama? Ina ɗakin jiran masu tikitin gama-gari, ina na Turawa? Kowace tambaya a nan tana jawo kalma, kowace kalma tana jawo labari. Tasha da tarago da reluwe da lebura da diga duk dogo ne ya kawo su cikin Hausa, waɗannan mun san su, suna cikin ƙamus. Amma kalmomin da ma'aikatan suke yi a tsakaninsu, da kirarin da 'yan dako suke yi wa junansu, da sunayen da jama'a suka laƙaba wa jirage daban-daban, suna cikin kan tsofaffi ne kawai. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1955 yanzu ya kai 85 ko ya wuce. Ba mu da shekaru goma na jinkiri.

Haka nan in aka zo gina gidajen da ke kewaye, dole mai gini ya san tubali da azara da zanko da indararo da makuba da bakan gizo, ya san su da hannu, ba da haddar jarrabawa ba. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka rubuta "ɗaurin guga" a takardar amsa suka ci maki, alhali in an ba su laka ba za su iya nuna yadda yake tsayawa ba?

Irin wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya wanda Zbigniew Dmochowski, wani masani ɗan ƙasar Folan, ya yi wa hidima bayan ya shafe shekaru yana auna gine-ginen Nijeriya. A can aka sake gina wani yanki na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, aka kuma sake wa na ainihin fasali a shekarun 1970. Amma waɗannan da cikakken girmansu aka yi su, suna cin fili, suna bukatar yaɓe duk shekara, kuma ɗan makarantar firamare na Kurna ba zai je Jos ba. Garin tebur kuwa ɗaki ɗaya ya ishe shi a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, akwatin gilashi ya tsare shi daga ƙurar hunturu, magani kaɗan ya kore gara.

Sai maganar da na san tana zuciyar mutane da yawa, ita ce ta hukuncin sura. Wannan fage ne na malamai, kuma kafin a murza laka ya kamata a je a tambaye su. Abin da muka karanta a fiƙihun Malikiyya dai shi ne, hanin yana kan sura mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, ta abu mai rai, an kuma yi rangwame ga 'yar tsanar 'yan mata. Gini da itace da jirgi da buhu ba su shiga ciki ba, su ne kuwa kusan dukan aikin. In malamai sun ce a bar mutane da dabbobi, sai a bar su, a gina tashar kamar ranar Juma'a ce an tafi masallaci: ga mangala a ajiye, ga gammo a kan buhu, ga tukunyar mai tuwo a kan murhu. Mai kallo zai cika sauran da kansa.

Akwai kuma masu cewa mutumin da yake fama da abin sawa a baka ba shi da lokacin gina gari a tebur. Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Sai dai ban ga talauci ya hana mu kiwon tattabaru ba, ko zaman kallon ƙwallon Turai na awa biyu, ko dara a gindin bishiya. Ashe lokaci akwai shi, abin da babu shi ne girmamawa. Kuma wanda yake ganin ba a cin abinci da irin wannan hannu, ya tuna cewa duk babban ginin da za a yi, akan fara ƙera ƙaraminsa a nuna wa mai shi, masu shirya fim ma suna bukatar irinsa. A jami'ar MIT ta Amurka, ƙungiyar ɗalibai masu jirgin tebur da aka kafa a 1946, waɗanda suke kwana a ƙarƙashin tebur suna haɗa wayoyin sarrafa dogo, daga cikinsu aka sami wasu daga gwanayen farko na sarrafa kwamfuta.

Abin da na fi jin tsoro ba waɗannan ba ne. Tsorona shi ne mu gina ƙarya mai kyau. Garin tebur yana da wata jaraba, ta mai da jiya ta zama aljanna, ko'ina a share, kowa cikin farar riga. Dogon nan da aikin tilas aka shimfiɗa shi, hakimai da dagatai suna tara talakawa ana kai su aikin diga, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kai, wadda aka sani da Waƙar Diga. Manomi yakan kawo gyaɗarsa ne da takardar haraji a aljihu, kuma kukan da manoma suke yi da masu sikeli ba ɓoyayye ba ne. Tashar nan har wa yau ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Direbobi da akawuna da masu gyara da yawansu Ibo ne da Yarabawa, kuma a wannan tasha aka zubar da jinin wasunsu a watan Oktoba na 1966, sauran suka bar gari. Wanda zai gina tashar 1955 dole ya gina ta da su a ciki, ya shiga Sabon Gari ya nemi 'ya'yansu da jikokinsu ya ji nasu bayanin, ya nuna gidajen ma'aikata na ƙasa kusa da na manya don a ga bambancin. In ba haka ba, gara a bar katakon a yi benci da shi.

Abin da ya rage shi ne a fara, kuma hutun da ke tafe ya isa. Ƙungiyar Hausa ta rubuta wa hukumar tashar takarda ta nemi izini, mutum huɗu su je da igiyar awo su auna abin da ya rage na tsofaffin gine-gine, su ɗauki hoton kowane bango ta fuska huɗu. Wasu huɗu su bi tsofaffin ma'aikatan reluwe da tsofaffin 'yan dako na wajen Ƙofar Mazugal da rakoda, su tafi da farar takarda babba, domin tsoho in ya ga ana zana abin da yake faɗa, yakan tuna abin da bai yi niyyar faɗa ba, ya ce a'a, rijiyar ba nan take ba, matsar da ita gabas. Wasu su je Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna su nemi tsofaffin taswirori. A je makarantun firamare na Rijiyar Lemo a sa gasar ƙera tarago, a ba kowane yaro tsinke mai tsawon da ake so a ce kada ya wuce shi, waɗanda suka yi fice a ɗauke su cikin aikin, a biya su ladansu, a rubuta sunayensu a jikin akwatin. Buhunan nan 2,400 kuwa, in aji ɗaya mai mutum 40 ya raba su, kowa 60 zai murza, aikin yamma biyu ne.